Muhawara: Me ya haɗa itacen ƙasashen sanyi da kwaskwarima?

Sabi'u Mai Sito: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Malaman Turanci, ku fitar da ni daga duhu, don na sha kunya a wurin aiki. Ranar Alhamis shugabarmu ta turo saƙo cewa baƙi za su zo Litinin, ta rubuta "we need to spruce up the reception". Ni ke kula da sito da sayayya, don haka ni maganar ta shafa. Na duba ƙamus na waya, ya ce spruce wani dogon itace ne na ƙasashen sanyi da ake yin katako da shi. Sai na ɗauka so take a lulluɓe bangon ɗakin baƙi da katako. Ban yi wata-wata ba na kira kafinta, ya zo da tef ɗinsa ya auna bango huɗu, ya rubuta kuɗin aiki. Da na kai mata takardar sai ta dube ni, ta dubi takarda, ta ƙyalƙyale da dariya har da share hawaye. Ashe shara take nufi, da goge gilashi, da canza labule, in da hali a ɗan shafa fenti. Kamar ƙasa ta tsage in shige. To tambayata ita ce, me ya haɗa itace da gyaran wuri? Ko dai da ganyensa suke shara ne a can?

Kafinta Ɗan Rimi: Wa alaikumus salam. Allah ya sa dai ka biya abokin sana'ata kuɗin mota.

Sabi'u Mai Sito: Na ba shi, daga aljihuna kuwa.

Maman Hanifa: Ni a ganina ba abin wahala ba ne. Itacen nan shi ne wanda Turawa ke yi wa ado da fitilu lokacin Kirsimeti. Ka ga kenan spruce up na nufin ka ƙawata abu yadda ake ƙawata wannan bishiya. Haka na daɗe ina fahimtarsa.

Malam Mai Alli: Maman Hanifa, hasashenki ya yi daɗin ji, kuma da yawa haka suke zato, amma shekaru ba su yarda da shi ba. Turawan Ingila suna kiran mutum spruce, wato mai tsaf-tsaf da shiga, tun wajen shekarun 1580. Bishiyar Kirsimeti kuwa ba ta zama al'adar gidajen Ingila ba sai a ƙarni na 19, zamanin Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat, wanda Bajamushe ne. Tsakani akwai shekara sama da ɗari biyu. Ɗa ba ya riga ubansa zuwa duniya.

Sabi'u, ga yadda abin yake. Itacen bai haifi kwalliyar ba, kwalliyar ma ba ta haifi itacen ba. 'Yan uwan juna ne, uwarsu ɗaya, kuma uwar sunan ƙasa ce. A gaɓar tekun Baltik, a arewacin Turai, an yi wata ƙasa da ake kira Prussia, mu ce Furasha. Mutanen Ingila na da suna kiranta Pruce, sunan da suka aro daga Faransanci. Kafin ƙarshen ƙarni na 14 sai ga shi ana rubuta Spruce ma, an ƙara harafi ɗaya a gaba. Daga nan duk hajar da ta fito daga can sai a laƙaba mata sunan: katakon Spruce, akwatin Spruce, fatar Spruce. Katakon ya bar wa itacen sunansa, fatar kuma ita ta kai mu ga ado, domin da ita ake ɗinka wata 'yar shara marar hannu, kamar falmaran, wadda samarin lokacin ke ji da ita. Wanda ya sa ta ya fito ya yi spruce kenan. Kafin 1600 kalmar ta zama aikatau, a wajen shekarun 1670 kuma aka fara ganin ta da wutsiyar up ɗin nan da ta ruɗa ka.

Sabi'u Mai Sito: Allah ya gafarta Malam, Furasha ko Rasha? Ko Farisa kake nufi? Ban taɓa ganin ta a taswira ba.

Ɗalibar Jamus: Yaya Sabi'u ba za ka gan ta ba, ta mutu. Kuma mutuwa ta takarda da sa hannu: bayan yaƙin duniya na biyu, ƙasashen da suka ci Jamus da yaƙi sun fitar da doka ranar 25 ga Fabrairu 1947 suka soke ta ɗungurungum. Asalin ƙasar yanzu an raba ta, wani yanki yana Folan, wani yana Lituweniya, tsohon babban birninta Königsberg kuma yana hannun Rasha, sunansa Kaliningrad. Furashar da aka fi sani a littattafan tarihi, mai sojoji da shugaban gwamnati Bismak da birnin Balin, daga baya ta zo, don sai a 1701 ta zama masarauta. Wadda Malam ke magana a kai ta girme ta: ƙasar wasu mutane ce masu harshensu daban, ɗan uwan na Lituweniya, waɗanda mayaƙan coci Jamusawa suka ci da yaƙi a ƙarni na 13. Harshen nasu ya ɓace wajen 1700. Abin da ke ba ni mamaki, mutanen sun tafi, harshen ya tafi, ƙasar ta tafi, amma sunan yana nan a bakin shugabar Yaya Sabi'u tana neman a canza labule.

Kafinta Ɗan Rimi: Ni ɓangaren katakon ya fi dama ni. Mu nan maɗaci da malaina da afara muka sani. Shi wannan me ake yi da shi har ya yi suna haka?

Ɗalibar Jamus: Baba Kafinta, fari ne, marar nauyi, miƙaƙƙe sosai. Da shi ake rufin gidaje a nan Jamus, da shi ake takarda, kuma da shi ake fuskar jita da gogen Turawa saboda yana ɗaukar sauti. A wancan zamani Ingila tana da yunwar katako, shi ya sa jiragen fataken Hansa, wata ƙungiyar biranen kasuwanci ta arewacin Turai, suke lodo daga Danzig, tashar jiragen ruwa ta Furasha wadda yau ake kira Gdansk, su kawo Landan. Ba katako kaɗai ba, har da kwalta ta jirgin ruwa da kakin zuma da hatsi. Suna da zangonsu na kansu a bakin kogin Tems, kamar dai yadda fatake ke da unguwarsu, har Sarauniya Elizabet ta ɗaya ta rufe shi a 1598.

Lauyan Zaure: Malam Mai Alli, da girmamawa, ban gamsu da zancen falmaran ɗin fata ba. Rigar fata kayan soja ce da ɗan ƙwadago. Ta yaya za ta zama ma'aunin gayu? Ni abin da na karanta ya fi kama hankali. Akwai wani marubucin tarihi, Edward Hall, littafinsa ya fito 1548. Ya ba da labarin wata liyafa a farkon sarautar Sarki Henri na takwas, inda manyan fada suka yi shigar ƙasashe daban-daban. Sarki da kansa ya yi shigar Turkawa, wasu suka yi ta Rasha, wasu mutum biyu kuma, Edward Howard da Thomas Parr, suka fito cikin jan karammiski da sarƙoƙin azurfa a ƙirji, da gajeren mayafi ja, da huluna masu gashin tsuntsu. Hall ya ce wannan shiga ce irin ta "Prussia or Spruce". To ga karammiski da azurfa a fada, me zai kai mu wurin fatar talaka?

Malam Mai Alli: Barista, na san wurin da ka kawo, kuma hujja ce mai kyau a kan abu ɗaya: ta nuna ƙarara cewa Spruce da Prussia suna ɗaya ne a kunnen mutanen lokacin. Amma liyafar dare ɗaya ba ta haifar da kalma. Kalma a kasuwa take girma, a bakin mai saye da mai sayarwa. Fatar Spruce tana cikin takardun ciniki tun ƙarni na 15, mutane suna taɓa ta, suna tayawa, suna sawa. Shigar fada kuwa mutum nawa suka gani? Kuma kada ka raina fata. Ba kowace fata ce ta ɗan dako ba.

Lauyan Zaure: Amma abin da aka gani a fada shi gari ke kwaikwayo. Ko a nan, hular da wani babba ya sa yau ita ce gobe a kan kowa, har a raɗa mata sunansa.

Malam Mai Alli: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Mai yiwuwa ma hanyoyin biyu sun zuba a kogi ɗaya. Ni dai in za a ce in ɗauki ɗaya, ta kasuwa zan ɗauka.

Baduku Na Sakkwato: Ku dakata haka nan. Barista, wagga magana taka ta "fatar talaka" ta taɓa ni, don ni a cikin fata aka haife ni. Ka taɓa riƙa fatar jar akuya da aka jeme da bagaruwa? Sai an jiƙa ta da toka gashi ya fita, a kankare, a tsoma ta cikin ruwan bagaruwar da aka daka, a yi ta murza da hannu, a shafa mai, sannan a rina da karan dafi ta yi ja wur. In ta gamu da gwanin majemi, za ka dunƙule ta a tafin hannu kamar ƙyalle, ka sake ta ta miƙe ba ko layi. Da irinta ake yi wa sarakuna sirdi da taguwar littafi da takalmi. To wanga labari na Furasha mu ya faru gare mu, amma a juye. Fatarmu ta bi ayari ta ƙetare Sahara, ta isa gaɓar teku, Turawa suka saye ta can suka kira ta fatar Maroko. Da ita suka yi bangon littattafansu masu tsada. Akuyar tamu, jimar tamu, sunan na wani.

Ɗan Maraɗi: Baduku, ka ce akuyar "tamu" ka haɗa da mu dai ko? Don a nan jar akuyar Maraɗi muke ce mata, haka ma take a takardun Faransanci.

Baduku Na Sakkwato: Akuya ba ta san iyaka ba, ɗan uwa. Na haɗa da ku.

Lauyan Zaure: Don adalci, Maroko ma suna jima, ba duk abin da aka kira da sunansu ne ya fito daga ƙasar Hausa ba. Garin Fas har yau majemarsa na aiki. Kuma kaso mai yawa na fatarmu ta Gadamas da Tarabulus ya bi, ba ta Maroko ba. Bature Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda ake fitar da jemammiyar fata da takalma zuwa arewa.

Baduku Na Sakkwato: To ka ƙara mini hujja ne ai. Ko ta Tarabulus ta bi, da ta isa Landan ba wanda ya ce fatar Kano ko ta Sakkwato. Shi ya sa nake tambaya, ita fatar Spruce ɗin, wa ya tabbatar a Furasha aka jeme ta? Wataƙila can cikin ƙasa wani bawan Allah ya sha wahalarta, tashar jirgi ta kwashe suna.

Ɗalibar Jamus: Baba Baduku, a ɓangaren katako ma haka abin yake. Mafi yawan gungumen da ake lodawa a Danzig daga dazuzzukan Folan da Lituweniya ake sako su ta kogi, musamman kogin Bistula. Furasha bakin ƙofa ce kawai.

Hajiya 'Yar Kwari: Ni duk wannan dogon Turanci da kuke, a shagona nake ganin sa kullum. Mace za ta shigo ta ce a ba ta Holan, ko Ingila, ko Kodebuwa. Ba ta ce atamfa ba, sunan ƙasa kawai ta kira, kuma yaron shago ya san layin da zai miƙa hannu. Sannan in an ga wata a biki a ce "ai Holan ce a jikinta", ba labarin ƙasar ake ba, cewa ake ta isa. Rabin masu faɗa ba su san inda Holan ɗin take ba. To ashe haka Turawan suka yi da tasu Furashar.

Kafinta Ɗan Rimi: Hajiya kin manta da Beljiyam. Mota Beljiyam, firji Beljiyam, har waya. Da 'yar Kwatano.

Hajiya 'Yar Kwari: Wannan kuma sunan ya koma ma'anar "an taɓa amfani da shi amma da sauransa". Ina jin mutanen Beljiyam da za su ji yadda muke kiran sunan ƙasarsu ba za su ji daɗi ba.

Malam Mai Alli: Hajiya ta gama darasin da na yi shekara talatin ina fama in koyar. Turanci cike yake da irin wannan, musamman a tufafi. Wandon jins sunan birnin Jenowa na Italiya ne. Yadin denim daga garin Nim na Faransa. Muslin daga Mosul ta Iraƙi, damask daga Dimashƙa, calico daga Kalikut ta Indiya. Abin da ya bambanta spruce shi ne ta yi tafiya mai nisa fiye da sauran: daga ƙasa zuwa haja, daga haja zuwa mai sanye da ita, daga shi zuwa aikin gyarawa, har aka manta da ƙasar kwata-kwata.

Sabi'u Mai Sito: Saura abu ɗaya, Malam. Shi harafin s ɗin daga ina ya faɗo?

Ɗalibar Jamus: Wata ƙawata 'yar Folan ta ce daga harshensu ne. A wurinsu "z Prus" na nufin "daga Furasha", kuma a baki kamar "sprus" yake fita. Wai ɗan kasuwa na nuna kaya yana cewa daga Furasha, Baturen Ingila ya ɗauka sunan kayan kenan. Suna alfahari da wannan labari sosai.

Malam Mai Alli: Labarin ya shahara, kuma irin haka na faruwa. Mu ma mun haɗiye "al" ta Larabci tare da kalmominta: alƙali, albasa, allura, alkyabba, har littafi da labari da lahira, inda "l" kaɗai ta rage. Shi denim da na ambata ma haka ne, "de" ɗin "daga" take nufi. Amma ina da ja a kan na Folan. Fataken da ke kawo kayan Landan galibinsu Jamusancin arewa suke yi, ba harshen Folan ba. Sannan Turanci yana da halin manna s a gaban kalma ba gaira ba dalili: plash ta zama splash, ga crunch ga scrunch. Manyan ƙamusoshi ba su rattaba hannu a kan zancen ƙawarki ba. Ki gaya mata ta ci gaba da alfahari, amma kada ta rubuta shi a jarrabawa.

Maman Hanifa: To na janye bishiyar Kirsimetina. Amma ku dawo da mu gida. In za a fassara saƙon shugabar Sabi'u, me za a ce? Ni "a yi wa ɗakin baƙi kwalliya" zan ce.

Hajiya 'Yar Kwari: A'a, kwalliya ta yi yawa. Kwalliya ƙari ce, a kawo abin da babu a ɗora, kamar ɗakin amarya. Ita matar nan cewa take a fito da abin da ke akwai ya yi kyan gani. Kwaskwarima ce.

Lauyan Zaure: Kwaskwarima tana da ɗan wari, Hajiya. In aka ce an yi wa hanya kwaskwarima, kowa ya san an lulluɓe ramuka ne kafin babban baƙo ya wuce, damina ɗaya ta tona asiri. Akwai zargi a cikinta.

Hajiya 'Yar Kwari: To ba saboda baƙi za a yi gyaran ba? Da ba su zuwa wa zai canza labule? Warin ma ya dace.

Malam Mai Alli: Na bi bayan Hajiya, kuma abin sha'awa shi ne ita ma spruce ta taɓa ɗaukar irin wannan wari. A wani wasan Shekspiya an kushe wani mutum da cewa ya cika spruce, ana nufin ya cika iyayi da ƙaƙale. Yanzu ta wanke, ba zargi a cikinta. Ga yadda nake rabawa: in wuri ne, kwaskwarima ko gyara fuska. In mutum ne, kintsawa, ko a ce ya yi tsaf, ya fito fes. Caɓa ado da cancaɗa kwalliya sun wuce ta nesa, waɗannan na ranar Salla ne. Spruce up aski ne da guga da goge takalmi.

Akwai wata 'yar uwarta da za ku iya karo da ita a rubutun 'yan Ingila, titivate, ta farkon ƙarni na 19, ita ma ɗan taɓa-taɓan gyara take nufi. Ina gargaɗin ɗalibai a kanta, don harafi kaɗan ne tsakaninta da titillate, wadda ke nufin tsokano sha'awa. Kada wani ya je ya rubuta wa shugabarsa.

Ɗan Maraɗi: Malam, "gayu" fa? Na ji an ce ita ma baƙuwa ce.

Malam Mai Alli: Daga guy take, ɗan gaye. Kuma tarihinta ya fi na spruce ban dariya. Guy Fawkes mutum ne da aka kama a 1605 yana shirin tarwatsa majalisar Ingila da albarushi. Duk ranar 5 ga Nuwamba yara kan yi mutum-mutuminsa da tsummokara su ƙone. Saboda haka a Ingila ta ƙarni na 19, in aka ce maka guy, ana nufin ka yi shigar banza kamar dodon gona. A Amurka ta koma "mutum" kawai. Da ta iso bakinmu sai ta zama ƙarshen iya sa kaya.

Kafinta Ɗan Rimi: Wato duk 'yan gayun unguwarmu sunan dodon tsumma suke amsawa. Bari in je majalisa da wannan yau da daddare.

Baduku Na Sakkwato: Ni dai har yanzu ina nan kan bakata. A rubuta a ajiye: fatar Maroko, jar akuya ce.

Ɗan Maraɗi: Ta Maraɗi.

Shugaban Zaure: Baduku da Ɗan Maraɗi, ku buɗe wa akuya nata zaren daban, don Allah. Sabi'u, yaya aka ƙare da baƙin?

Sabi'u Mai Sito: Ranka ya daɗe, an share, an goge, an sa sabon labule ruwan toka, na sayo tukwanen fulawa biyu na roba. Baƙi sun zo sun wuce kai tsaye ofishin shugaba, ko minti ɗaya ba su yi a ɗakin ba. Matsalata yanzu ita ce tun daga masinja har direba ba mai kirana Sabi'u, sai Sufurus. Kafintan kuma ya kira sau biyu yana tambaya yaushe za a fara aikin bango.